Kwalin finafinan Rodgers da Hammerstein: da an fara waƙa sai rubutu ya ɓace

Wannan sharhi a kan kwalin nan ne mai faifai shida da ake ta talla a shafukan sayar da kaya, na finafinan da aka ɗauko daga wasannin daɓe na Richard Rodgers da Oscar Hammerstein: Oklahoma!, Carousel, South Pacific, The King and I, The Sound of Music, sai State Fair wanda shi tun asali don silima aka rubuta shi a 1945.  Ni malamar adabi ce a sakandaren 'yan mata, kuma ni ke riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar. Na saya ne don yarana su ga yadda ake saƙa waƙa cikin labari har ta zama ita ce ke jan labarin. Kaya ya iso tasha, hoto garau, sauti ba laifi. A makon farko tauraro huɗu na yi niyyar bayarwa, kuma Carousel ne dalili.

Da shi na fara don shi ne ban taɓa gani ba. Bayan isha'i ne, an kawo wuta, ƙanena da ke zaune wajenmu yana karatu ya kishingiɗa a doguwar kujera yana latsa waya, ko kallon talabijin ɗin ba ya yi. Tun ina yage ledar kwalin ya riga ya yanke hukunci: "Yaya, wa zai zauna kallon waɗannan? Mutum yana cikin magana sai kawai ya ɓarke da waƙa." Labarin na wani matashi ne, Billy, mai kiran mutane su hau lilon dawaki a filin wasa, a wani garin bakin teku na jihar Maine. Ya auri Julie, ma'aikaciyar masaƙa. Su biyun suka rasa aiki, zaman ya yi tsami, har ya ɗaga hannu ya mare ta. Da ya ji tana da ciki sai hankalinsa ya tashi, ya biye wa wani mugun aboki suka je fashi, abin ya ƙi, ya mutu a gabanta. Tana durƙushe kan gawar, sai 'yar'uwarta Nettie ta kama ta ta fara rera mata waƙar You'll Never Walk Alone a hankali.

Baiti biyu kawai ta yi na ga yaron nan ya miƙe zaune. Wayar ta zame ta faɗi kan kafet bai ko duba ba. "Yaya, tsaya! Don Allah mayar baya. Wannan ai taken Liverpool ne." Na mayar. Ya sake cewa in mayar. Mutumin da tun yana firamare yake fama da mutane a gidan kallo saboda wannan kulob, wanda ya haddace waƙar nan kamar karatun allo, bai taɓa sanin cewa an rubuta ta ne don a rarrashi matar da mijinta ya mutu ba. Hammerstein ya rubuta baitocin, Rodgers ya sa musu karin, aka fara rera ta a dandamalin Majestic da ke New York ranar 19 ga Afrilu, 1945. Mako guda ke nan da rasuwar Shugaba Roosevelt, yaƙin duniya na biyu bai ƙare ba, a cikin 'yan kallo akwai matan da mazansu suka tafi ba su dawo ba. A 1963 wasu mawaƙan birnin Liverpool, Gerry and the Pacemakers, suka sake rera ta, ta hau saman jerin waƙoƙin Ingila, 'yan kallon Anfield, filin wasan kulob ɗin Liverpool, suka ɗauka ba su ajiye ba har yau. Da na gaya masa haka sai ya yi shiru, can ya ce shi yanzu ya gane abin da ya sa ake rera ta duk lokacin da ake tunawa da magoya bayan Liverpool 97 ɗin da turmutsitsin filin Hillsborough na 1989 ya yi ajalinsu. Ya zauna ya kalli fim ɗin har ƙarshe, inda aka sake rera ta a bikin yaye ɗalibai, yana bi ƙasa-ƙasa. Wallahi a daren nan na ji kuɗina ya fita.

Amma ita kaɗai ce waƙar da muka fahimta baiti-baiti, kuma don ya haddace ta ne. Nan ne damuwata take. A tallar an rubuta ƙarara cewa duk faya-fayan suna da rubutun Turanci a ƙasan allo. Akwai shi kuwa, muddin magana ake yi. Ko "ina kwana" aka ce sai ya fito. Da kiɗa ya tashi, bakin jarumi ya buɗe da waƙa, sai rubutun ya ɗauke ɗif, ya bar ɗan zanen alamar kiɗa a kusurwa, ba zai dawo ba sai an koma magana. Na gwada a na'urar falo, na gwada a kwamfuta, na shiga duk inda ake canza saiti. Faifai shida, duk haka suke.

Wanda bai san waɗannan wasanni ba zai ce mene ne a ciki. To ga abin da ke ciki. A Carousel, lokacin da Billy ya ji zai zama uba, ya keɓe shi kaɗai a bakin teku ya yi waƙa ta kusan minti bakwai. A cikinta yake fasalta ɗa namiji, yana alfahari, yana tsara yadda zai koya masa tsayuwa da ƙafarsa. Can tsakiya sai tunani ya zo masa: in kuma mace ce fa? Kiɗan ya sauya, muryarsa ta yi laushi, tsoro ya shige shi, ya ga cewa 'ya mace tana bukatar uban da ke da abin hannu, shi kuwa ko sisi ba shi da ita. Kafin ya rufe baki ya riga ya yanke cewa zai nemo kuɗi ko ta halin ƙaƙa, ko da zai mutu. Duk dalilin fashin a cikin wannan waƙa yake. Babu wani wuri a fim ɗin da aka sake bayyana shi da wannan zurfi. Da na nuna wa yarana a makaranta, Turancin Amurka na 1956 cikin babbar murya da ƙarar goge da ƙaho, me za su tsinta? Wata 'yar aji biyar ta ɗaga hannu bayan an gama ta ce, "Malama, ai ɗazu ya ce ba zai je ba, me ya canza masa ra'ayi?" Tana da gaskiya. An kai ta gidan biki ne, ana fara buɗar kai aka fito da ita waje.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan ne ainihin abin da ya sa ake kiran wancan zamani, daga 1943 zuwa tsakiyar shekarun 1960, zamanin zinare na wasan waƙa a Broadway, unguwar gidajen wasan daɓe ta New York. Kafin nan yawancin abin da ake yi nishaɗi ne tsagwaronsa: a jero 'yan mata cikin ƙyale-ƙyale su buɗe fage, ɗan barkwanci ya fito, mawaƙiya ta fito, labarin kuwa sirara ne, an rataya shi ne kawai don a sami inda za a maƙala waƙoƙi. Ana iya cire waƙa daga wannan wasa a kai ta wancan ba wanda zai lura. Show Boat na 1927, wanda shi Hammerstein ɗin ya rubuta tare da Jerome Kern, ya gwada wata hanya, har ya taɓo batun launin fata da aure, amma ba a bi sahunsa sosai ba. Sai ranar 31 ga Maris, 1943, aka ɗaga labule a dandamalin St. James, maimakon jerin 'yan rawa sai ga tsohuwa ita kaɗai a tsakar gida tana kaɗa nono don fitar da man shanu, daga bayan fage ana jiyo muryar makiyayi yana yabon safiya. Oklahoma! ke nan. An nuna shi sau 2,212 a jere, abin da wani wasan waƙa bai taɓa yi ba a Broadway kafinsa. Agnes de Mille, wadda ta tsara rawarsa, ta sa aka yi kusan minti goma sha biyar ana rawa ba magana, ana nuna mafarkin budurwar da ke tsakanin maza biyu, ɗaya tana so, ɗaya tana tsoro. Daga nan ƙa'ida ta zauna: mutum yana magana, in abin da ke ransa ya fi ƙarfin magana sai ya koma waƙa, in ya fi ƙarfin waƙa sai rawa. Kowane baiti yana da aikin da yake yi. Wanda ya buga waɗannan faya-fayai ya cire rubutun waƙa, ya mayar da aikin mutanen nan inda suka same shi kafin 1943.

Na yi wa mai sayarwa magana ta WhatsApp, cikin mutunci. Na tura masa hoton allon ana cikin waƙa, ƙasa fayau. Ya amsa da sauri, ba zan ɓoye wannan ba. "Hajiya, ai waƙa ce kawai a wurin. Duk maganar fim ɗin tana nan cif. Ko na Indiya ma ai ba a rubuta waƙa." Na ce, "Malam, a nan waƙar ita ce maganar." Ya turo min hoton fuska mai dariya, ya ce zai tambayi masu kawo masa. Na san inda ya ɗauko wannan tunani, don duk mun tashi da shi. A finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa ana barin waƙa yadda take ko a yanke ta, a namu na gida ma sau da yawa da an shiga lambu ana rawa sai uwar gida ta tashi ta duba tukunya, ta dawo ba ta rasa komai ba. Ban raina wannan ba, da shi na girma kuma ina son abina. Sai dai wanda zai sayar da kaya ya kamata ya san abin da yake sayarwa. Bayan kwanaki na sake tuntuɓa, sai ya ce ai na riga na buɗe leda, kaya in an buɗe ba ya komawa. Ta yaya zan san babu rubutu a ciki in ban buɗe ba? Wannan tambayar har yanzu ba a amsa ta ba, alamar an karanta kawai nake gani.

Da na zo kan South Pacific ne na ga tauraro huɗu ba zai yiwu ba. Kafin in ci gaba, kada kowa ya ɗora wa mai sayarwa laifin launin da ke canzawa a wannan fim, inda allo ke komawa rawaya ko shuɗi ko ja da an fara waƙa. Haka darakta Joshua Logan ya yi shi a 1958, kuma tun a lokacin aka yi ta sukarsa. Laifin da ke kansa daban ne. An fara wannan wasa a 1949, daga labaran James Michener na yaƙi a tsibiran tekun Fasifik, ya ci kyautar Pulitzer a 1950. Wata nas ce 'yar Little Rock a jihar Arkansas ta kamu da son wani Bafaranshe mai gona, sai ta gano yana da 'ya'ya biyu da wata 'yar tsibiri da ta rasu, nan take ta ja da baya. Wani matashin hafsa shi ma ya kasa auren yarinyar da yake so don ba farar fata ba ce. A tsakiyar wannan ne hafsan ya yi wata 'yar gajeriyar waƙa, ko minti biyu ba ta cika ba, yana cewa ba a haihuwar mutum da ƙiyayya, koya masa ake yi tun yana ɗan shida ko bakwai, a ɗura masa a kunne har ya ƙi duk wanda danginsa suka ƙi. An matsa wa marubutan su cire ta tun kafin wasan ya isa New York, suka ƙi. A 1953 da aka kai wasan Atlanta, wasu 'yan majalisar jihar Jojiya suka fito suka yi tir da shi saboda ita. Mutane sun sa sunansu da dukiyarsu a kan waɗannan baitoci a lokacin da doka ta haramta aure tsakanin baƙi da fari a jihohi da yawa na Amurka. Ita ce waƙar da na fi ɗokin yarana su ji, mu da muke zaune a garin da kowa ya san abin da ake gaya wa yaro a gida game da maƙwabcin da ba yarensu ɗaya ba. A faifaina hafsan ya buɗe baki, rubutu ya ɓace, ya rufe baki, rubutu ya dawo. Na kashe na'urar na tashi, ranar ban ƙarasa ba.

Akwai ɗan littafi mai shafuka kaɗan a cikin kwalin, wanda tallar ta kira tarihin wasan waƙa. Hotuna ne suka cinye shi, kuma wanda ya karanta zai ɗauka mutum biyun nan su kaɗai ne a zamanin. Babu Irving Berlin da Annie Get Your Gun na 1946, babu Cole Porter da Kiss Me, Kate wanda ya fara cin kyautar Tony (babbar kyautar wasannin Broadway) ta gwarzon wasan waƙa a 1949, babu Guys and Dolls na Frank Loesser. Ko My Fair Lady na 1956 ba a ambata ba, alhali shi ne ya karya tarihin Oklahoma! da nuni 2,717. Haka West Side Story na 1957, wanda baitocinsa Stephen Sondheim ya rubuta, yaron da Hammerstein ya koya wa sana'ar da kansa tun yana ɗan makaranta. Haka Fiddler on the Roof na 1964 da da yawa ke ɗauka a matsayin rufin ƙofar zamanin. Layi biyu a kan kowanne da sun isa.

Kuma littafin bai gaya wa mai saye gaskiya ɗaya mai muhimmanci ba: waɗannan finafinai ne, ba wasannin da aka yi a kan dandamali ba, kuma akwai bambanci. A dandamali Billy da kansa ya daɓa wa kansa wuƙa don kada a kama shi, a fim aka mayar da shi faɗuwa ya yi a kanta. Mary Martin, wadda ta fara fitowa a matsayin nas ɗin South Pacific kuma ta fara zama Maria a The Sound of Music a 1959, ba za ka ga fuskarta a ko ɗaya daga cikin faya-fayan nan ba. Muryar waƙa da ke fitowa daga bakin jaruma Deborah Kerr a The King and I ta Marni Nixon ce. Juanita Hall, baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Tony, ta fito a fim ɗin South Pacific a matsayin da ta riƙe a dandamali, amma aka ɗora mata muryar wata a waƙoƙin. Wanda ke son jin yadda abin yake a daren farko sai ya nemi faya-fayan garmaho na 'yan wasan asali, al'adar da ta kafu tun da aka naɗi na Oklahoma! a 1943.

Tun da na fara fito da abin da ke raina, bari in ƙarasa, har da wanda ba na mai sayarwa ba. Ina son Carousel, Rodgers ma ya ce shi ya fi so a cikin duk ayyukansa, amma akwai wurin da ba zan taɓa bari ya wuce a gaban yarana ban tsayar ba. An ba Billy damar dawowa duniya na yini ɗaya bayan shekara goma sha biyar. Wannan ba aƙidarmu ba ce, na gaya musu tatsuniya ce, suka gane. Ya sami 'yarsa, ta ƙi karɓar kyautarsa, ya buge mata hannu. Yarinyar ta tambayi uwarta ko zai yiwu a doke ka da ƙarfi amma ka ji kamar sumba, uwar ta ce zai yiwu. Wannan kam magana ce, don haka rubutun ya fito tas, kowace yarinya ta karanta. Na tsayar da faifan na ce musu ba zai yiwu ba, duka duka ne, kuma kada wata ta fita daga ajin nan da wannan a kanta. Mun fi rabin awa a kan wannan layi ɗaya, wasu suka faɗi abubuwan da suke gani a gidajen unguwarsu da ban yi zaton za su faɗa ba.

The King and I ma yana da nasa. Yul Brynner, wanda ya fito a matsayin sarkin, ya iya, ba mamaki ya ci Oscar, kuma ya taka wannan rawa sau 4,625 a rayuwarsa. Amma Sarki Mongkut na gaskiya, wanda ya mulki Siyam (Tailan ta yau) daga 1851 zuwa 1868, ya yi shekara 27 yana zaman ibada da karatu kafin ya hau gado, ya san Latin da Turanci, ya lissafa husufin rana na 1868 ya faɗi daidai. A fim an mayar da shi mai tsalle-tsalle ba takalmi, wata malama daga Ingila tana koya masa hankali. Ƙasar Tailan ta hana nuna shi, kuma duk wanda ya taso a ƙasar da ake girmama sarauta zai fahimci dalili. The Sound of Music ba sai na ce komai ba, kowa ya gan shi, yaran sun fi sonsa, kuma shi ne na ƙarshe da mutanen biyu suka yi tare kafin Hammerstein ya rasu a Agustan 1960. State Fair sau ɗaya na kalla.

Yanzu abin da nake yi shi ne in zauna da dare in nemo baitocin a intanet, in kwafe su, in buga a shagon kwamfuta da kuɗina, in raba wa yara takarda kafin mu kunna. Suna kallon allo suna kallon takarda, rabin fuskar jarumin na wuce su. Aikin da na biya kuɗi don kada in yi ke nan. Tauraro biyu na bayar, ɗaya don hoton, ɗaya don daren nan da ƙanena. In za ku saya, kada ku yarda da hoton kwali ko rantsuwa. Ku ce ya saka Carousel, ya kai inda Billy ke tsaye shi kaɗai a bakin teku, ya ɗauko muku bidiyon allon da wayarsa, ku ga rubutu yana tafiya tare da waƙar kafin ku tura ko kwabo. Ku kuma ce ya buɗe kwalin a gabanku, don haƙoran da ke riƙe faifan The King and I a nawa a karye suka zo, faifan yana yawo a ciki har ya fara karcewa.